Kunkurun Gauraka

A bakin Taminus, kafin wuta ta ci kasuwa,
Chundung na suyar dankali da yamma,
tana naɗe shi a shafukan littafin zane
da suka zo a gindin dilar gwanjo, ba bango, ba suna.
Mu biyu ne ba ma fashi:
ni da Dalyop, ɗan mai gadin ramin kuza.
Ba yunwa ke kai mu ba.
Takardar muke saye, dankalin gyara ne.

Jarumin na da tukku a kan hularsa,
sai muka raɗa masa Gauraka.
Turancinmu gajere, mai ya cinye sauran,
inda yaji ya huda magana mu cike da tamu.

Kowa a aji ya san ƙarfinsa,
ya san ya taɓa tare jirgin ƙasa da kafaɗa.
Wannan ilimin 'yan kallo ne, in ji Dalyop.
Shi abin da ya faɗi a gefe yake tsinta:
cewa a shafi na tara, ranar faɗan gada,
hannun hagunsa yatsa shida ne;
cewa sunan uwarsa ya sauya sau biyu
ba wanda ya ba da haƙuri;
cewa duk agogon da ke garin nan
ƙarfe huɗu da minti goma yake nunawa,
ko da rana, ko da tsakar dare.
Ya ce wataƙila lokacin ne mai zanen ke tashi aiki,
ko lokacin da aka yi masa rasuwa.

Sannan kunkurun.
Gauraka ya taɓa kiwon kunkuru mai ido ɗaya
da ke jin ƙarya tun daga unguwa uku.
Sau uku ya fito. A na huɗu babu shi.
Ba a kashe shi ba, ba a yi masa sallama ba,
an dai wayi gari kwandonsa ya zama tukunyar fure.
Mun yi damina guda muna cin dankali don nemansa,
har Chundung ta ce ko aure muke tarawa.
Dalyop ya sa masa suna Sannu.

Daga baya garin ya tsage kamar shafi.
Ya koma can wajen Bukuru, na tsaya a Gangare,
kowa da ɓangarensa na labarin
da ba ya haɗuwa da na ɗan'uwansa.
Shekara ashirin da 'yan kai.

Makon jiya, a layin karɓar magani a asibiti,
na ga wani dattijo cikin rigar sanyi biyu,
'yarsa na riƙe da katinsa.
Ta ce tun ciwon bara ba ya kama suna,
ita ma wani lokaci malama yake ce mata.
Na durƙusa. Na ce, Sallau ne.
Ya dube ni kamar bango.

Ban san abin da ya taɓa ni ba, na ce:
yatsa nawa ne a hannun Gauraka?

Shiru. Ana kiran lamba arba'in da ɗaya.
Sai ya ɗaga hannun da ke motsi,
ya buɗe biyar,
ya aro ɗaya daga nawa.

Ya ce, an ga Sannu?

Na ce, ana nema.
Ya ce, ba ya sauri, ka duba baya.

Na fito. Sanyin Jos ya sauko daga kan duwatsu.
A bakin ƙofa wata na suyar dankali,
tana zubawa a baƙar leda.
Ban duba agogo ba.
Na san abin da zai ce.